Daga Bangon Littafi Zuwa Shafin Jarida: Tarihin Talla da Sharhin Littattafan Ƙananan Maɗaba'u a Ƙasar Hausa, 1933–2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da labarin sabon littafin Hausa ya riƙa bi kafin ya isa ga mai karatu, tun daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 har zuwa zamanin wayar hannu. Ta fi mayar da hankali ga ƙananan masu buga littattafai da suka ɓullo a Kano daga tsakiyar shekarun 1980. Maƙalar ta nuna cewa talla da sharhi ba su taso tare ba a tarihin ɗab'in Hausa. Ƙananan maɗaba'u sun gina wa kansu hanyoyin talla masu ƙarfi ta cikin littafin kansa da rediyo da kasuwa da bikin ƙaddamarwa, alhali sharhin jarida ya zo a makare, kuma da ya zo sai ya fi karkata ga yanke wa rukunin littattafan hukunci gaba ɗaya maimakon auna su ɗaya bayan ɗaya. An kammala da bayyana abin da wannan giɓi ya jawo wa marubuta da masu nazari.

1.0 Gabatarwa

Buga littafi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne jama'a su san an buga shi. Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jigo da salo da zubi da tsari, haka nan tarihin hukumomin ɗab'i ya samu gata tun daga littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce (1988). Abin da bai samu kulawa daidai da waɗannan ba shi ne tazarar da ke tsakanin injin bugu da hannun mai karatu: wane ne ya sanar da fitowar littafi, ta wace kafa, kuma wane ne ya auna shi ya faɗa wa jama'a nauyinsa.

Ya kamata a bambance kalmomi biyu tun da farko. Talla ita ce maganar da mai haja ko wakilinsa ke yi domin a saya. Sharhi kuwa hukunci ne na wanda ya karanta littafi kuma ba shi da kaso a cikin ribarsa. Ita kuma ƙaramar maɗaba'a, a wannan maƙala, ta ƙunshi marubucin da ya buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, da ƙungiyar marubuta mai tambarinta, da mai kantin littattafai da ke ɗaukar nauyin bugu. Yawancinsu ba su mallaki injin ko ɗaya ba. Suna kai aiki ne wurin masu injin bugu su biya.

2.0 Kafin Zuwan Injin Bugu

Ƙasar Hausa ta san hanyoyin yaɗa rubutu tun kafin boko. A zauren malamai akwai al'adar taƙarizi, wato wani malami ya rubuta 'yan baitoci ko 'yan layuka na yabo da shaida a kan littafin ɗan'uwansa, a haɗa su da littafin a riƙa kwafa tare. Rubutacciyar waƙa kuwa murya ce ke ɗaukar ta. Ɗalibai su haddace, masu wa'azi su rera, makafi masu bara su zaga da ita kasuwa-kasuwa. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi sun shiga kunnuwan dubban mutanen da ba su taɓa riƙe bugaggen kwafinsu ba. Waɗannan abubuwa biyu, shaidar babba a jikin littafi da kuma murya mai zagayawa, su ne za su sake bayyana a sabuwar kama bayan shekaru masu yawa.

3.0 Zamanin Hukuma: Littafin da Bai Buƙaci Talla Ba

An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East a Zariya. A wannan shekarar ne aka shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da East. Abin lura shi ne cewa ƙoƙarin hukumar ya fi karkata ga neman marubuta. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana jawo hankalin malamai su rubuta ƙagaggen labari. Masu saye kuwa an riga an tanade su, domin makarantun gwamnati da na En'e su ne kasuwar.

Fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, da kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sun sa jarida da maɗaba'a suka zauna a gida ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa sanar da sababbin littattafai, amma bai samar da filin sharhi mai zaman kansa ba, tun da mai buga littafin shi ne mai buga jaridar. Haka lamarin ya ci gaba a zamanin hukumar NORLA, wadda ta yi aiki daga farkon rabin shekarun 1950 zuwa 1959 kafaɗa da kafaɗa da shirin Yaƙi da Jahilci. Ta buga ƙananan littattafai masu yawa da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. Azuzuwan manya su ne masu karatun, malaman azuzuwan kuma su ne 'yan aike.

Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966 da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan, ya gaji wannan tsari. Babbar nasarar littafi ita ce a sa shi a manhajar makarantu ko a jerin littattafan jarrabawa. Gasar da kamfanin ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya kuma ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. A duk wannan tsawon lokaci gasa ce ke yin aikin da sharhi ya kamata ya yi: alƙalan gasa su auna rubutu kafin a buga, kwamitin manhaja ya tabbatar da shi bayan an buga. Nazarin da ake yi a jami'o'i yana tsayawa a kundayen digiri da mujallun ilimi, bai cika kaiwa ga mai saye ba.

4.0 Ƙananan Maɗaba'u da Hanyoyin da Suka Gina wa Kansu

Abubuwa biyu suka haɗu a shekarun 1980 suka sauya wannan tsari. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa, maza da mata, masu iya karanta Hausar boko. A gefe guda kuma karyewar tattalin arziki da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 sun karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye daga buga ƙagaggun labarai suka koma ga littattafan makaranta. Masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da masu bugu suka ja da baya. A wannan fili ne littattafai irin su Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, da Budurwar Zuciya (1987) na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka fito. Ba su da manhaja a bayansu, ba su da jarida tasu, saboda haka dole suka nemi wata hanya.

4.1 Littafi Mai Tallan Kansa

Kafa ta farko ita ce jikin littafin. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa sun riƙa sa tambarinsu a bango, wanda ya zama wa mai saye alama kamar yadda sunan kamfani yake. A shafukan farko ko na ƙarshe akan jera littattafan 'yan ƙungiya, waɗanda suka fito da waɗanda ke tafe, tare da sunayen kantunan da ake samunsu. Ta haka kowane littafi ya zama ɗan aiken 'yan'uwansa, marubucin da ya yi suna kuma ya riƙa jan sabon shiga a bayansa. Akan kuma buga hoton marubuci da adireshinsa, da shafin godiya mai tsawo, wani lokaci da gabatarwa daga wani malamin jami'a ko wani babba, wadda ba ta da nisa da tsohuwar al'adar taƙarizi.

Adireshin nan ya buɗe wata ƙofa. Masu karatu sun riƙa aiko da wasiƙu, marubuta kuma suka riƙa buga wasu daga ciki a kashi na gaba. Brian Larkin ya yi amfani da irin wannan mu'amala tsakanin marubutan soyayya da masu karatunsu a maƙalarsa ta 1997 a mujallar Africa. Waɗannan wasiƙu su ne sharhi na farko da littattafan suka samu daga wajen da'irar marubuta, ko da yake marubuci ne ke zaɓar wadda zai buga, don haka sharhi ne da ya ratsa ta hannun mai talla.

Karkasa labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku shi ma dabara ce mai fuska biyu. Ta fuskar jari, cinikin kashi na farko ne ke biyan kuɗin buga na biyu. Ta fuskar talla kuwa, tsayar da labari a daidai inda hankali ya tashi yana sa mai karatu ya riƙa zarya kanti yana tambaya, tambayar tasa kuma ita ce ke gaya wa mai kanti yawan kwafin da zai karɓa.

4.2 Rediyo da Kasuwa

Kafa ta biyu ita ce murya. Shirin Shafa Labari Shuni na gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya riƙa karanta labaran marubuta ga masu sauraro a faɗin Arewa da ƙetaren iyaka, daga baya tashoshin jihohi da masu zaman kansu suka ɗauki wannan salo. Karatun rediyo ya kai labari ga matan aure a cikin gidaje da waɗanda ba su yi boko ba, ya kuma sa sunan marubuci ya riga littafinsa isa gari.

Kafa ta uku ita ce kasuwa. Kantunan littattafai na Kasuwar Kurmi da na Sabon Gari su ne cibiyar sari, daga nan 'yan kasuwa ke ɗauka zuwa sauran jihohi da garuruwan Nijar irin su Maraɗi da Damagaram, har zuwa zangunan Hausawa a wasu ƙasashe. Mai kanti ya riƙe muƙamai uku a lokaci guda: shi ne mai jari, shi ne dillali, shi ne kuma wanda mai saye ke tambaya wane littafi ne ya yi daɗi. Shagunan bayar da haya da aron da ɗalibai mata ke yi a tsakaninsu sun ninka yawan masu karanta kowane kwafi. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa a shekarun 1990, har aka mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, sai hotunan 'yan wasa suka fara hawa bangon littattafai, fim da littafi suka riƙa tallata juna.

4.3 Bikin Ƙaddamarwa

Kafa ta huɗu ita ce ƙaddamarwa. A irin wannan taro akan samu shugaban taro da uban taro da babban mai ƙaddamarwa da kuma mai sharhin littafi. Manufar taron ita ce a mayar da kuɗin bugu a yini ɗaya ta hanyar sayen kwafi da tsada daga hannun masu hali. Nan ne kalmar sharhi ta samu wata ma'ana ta daban. Mai sharhin baƙo ne da marubuci ya gayyato, yana magana a gaban iyalansa da masu taimaka masa, al'ada kuma ba ta yarda a kushe mutum a ranar farin cikinsa ba. Sakamakon haka jawabin yakan ƙare a taƙaita labari da yabo da nuna 'yan kurakuran ƙa'idojin rubutu. Rahoton da jarida za ta buga kashegari ya fi ba da labarin mahalarta da kuɗin da aka tara fiye da abin da littafin ya ƙunsa.

5.0 Shigowar Jarida: Muhawara Maimakon Sharhi

Lokacin da jaridu suka waiwayi waɗannan littattafai da gaske, sun zo ne da tambaya guda: shin wannan adabi ne? Ibrahim Malumfashi ya yi amfani da laƙabin Adabin Kasuwar Kano a rubutunsa na jaridar Nasiha a 1994, yana kwatanta su da ƙananan littattafan Ingilishi na kasuwar Onitsha, yana kuma ganin yayi ne mai wucewa. Muhawarar ta ƙara zafi a ƙarshen shekarun 1990 a shafin adabi na jaridar New Nigerian wanda Ibrahim Sheme ke kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu marubutan da kansu suka mayar da martani. Masu suka sun kafa hujja da raunin ƙa'idojin rubutu da kwaikwayon finafinan Indiya da gurɓata tarbiyya. Masu kāriya kuwa sun nuna cewa littattafan sun raya karatun Hausa a lokacin da manyan kamfanoni suka yi watsi da shi, sun kuma bai wa mata damar yin magana a kan auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya mace.

Wannan muhawara ta yi amfani ƙwarai, domin ita ce ta shigar da littattafan cikin zauren nazari. Haka kuma ta zama talla ba da niyya ba: laƙabin da aka yi domin rage musu daraja shi ne ya zama sunan da aka san su da shi har a jami'o'in Turai da Amurka. Sai dai akwai abubuwa biyu da ba ta yi ba. Na farko, babban ɓangarenta da Ingilishi aka yi, alhali masu sayen littattafan da Hausa suke karatu. Na biyu, ɓangarorin biyu duk sun yi magana ne a kan rukuni. Littafin da aka yi shekara ana rubuta shi da wanda aka haɗa cikin mako biyu duk an zuba su a kwando ɗaya, ko dai don a yaba ko don a kushe. Mai karatu da ke son sanin wanne ya fi a cikin sababbin littattafai goma na wannan wata bai samu amsa a jarida ba, sai ya koma wurin mai kanti.

Girman abin da aka bari ba a auna ba ya bayyana a jerin da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka wallafa a 2004, wanda ya ƙunshi littattafai fiye da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002. Kaɗan ne daga cikinsu suka samu nazari na musamman, kuma sunaye ƙalilan ne ake ta maimaitawa a kundayen digiri.

6.0 Giɓin da Tacewa Ta Cike

Inda babu mai bambance tsaki da tsakuwa, hukunci yakan faɗa a kan kowa. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka ƙona wasu littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista da ita, abin da ya jawo takun-saƙa tsakaninta da ƙungiyoyinsu. Dalilan waɗannan matakai suna da yawa, na siyasa da na addini da na zamantakewa, kuma ba za a rataya su ga rashin sharhi kaɗai ba. Duk da haka, marubutan sun shiga wannan rikici ba tare da wani tarin sharhi na Hausa da za su nuna a matsayin shaidar cewa aikin wane ya bambanta da na wane ba. Aikin tantancewa da mai sharhi bai yi ba sai ya koma hannun jami'in da ke da ikon hanawa.

7.0 Fassara da Zamanin Intanet

A 2012 wata ƙaramar maɗaba'a mai suna Blaft da ke Chennai a ƙasar Indiya ta buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi wa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda asalinsa ya fito a 1990. Fassarar ta samu irin sharhin da ake yi wa littafi shi kaɗai, a tattauna taurarinsa da zubinsa da saƙonsa, daga masu karatu a ƙasashen da ba a jin Hausa. Akwai abin lura a nan: adabin da aka daɗe ana zargi da kwaikwayon Indiya, maɗaba'ar Indiya ce ta kai shi idon duniya, bayan shekara 22 da fitowarsa. Littafin hotuna na Glenna Gordon, Diagram of the Heart, shi ma ya jawo hankalin kafofin yaɗa labaran waje ga marubuta mata na Kano, ko da yake hankalin ya fi tsayawa a kan rayuwar marubutan fiye da rubutunsu.

A cikin gida kuwa, jaridar Aminiya da ta fara fitowa a 2006 ta buɗe fili ga harkokin marubuta, gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC kuma ta fara a 2016, wadda ta dawo da tsohon tsarin da gasa ke zama ma'auni. Amma babban sauyi daga waya ya zo. Marubuta da yawa sun koma sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, su ba da farkon kyauta, su sayar da ragowar. Wannan shi ne tsarin littafi na ɗaya da na biyu a sabuwar riga, ra'ayoyin masu karatu a ƙarƙashin kowane shafi kuma sun maye gurbin wasiƙun da. Wannan hanya ta kai labari ga Hausawan Ghana da Sudan da Saudiyya da Ingila a rana guda, abin da ɗan kasuwa ba zai iya ba. Rauninta shi ne rashin tabbas. Rufe manhajar OkadaBooks a ƙarshen 2023, bayan kimanin shekara goma tana aiki, ya nuna yadda kanti da jerin littattafansa da ra'ayoyin masu karatunsa za su iya ɓacewa tare.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna matakai uku. A zamanin hukuma manhaja da gasa sun ɗauke wa littafi nauyin talla da na sharhi. A zamanin ƙananan maɗaba'u talla ta bunƙasa ta hanyoyin da suka samo tushe daga al'adar murya da shaida da kasuwa, sharhi kuma ya rabu biyu: yabon ranar ƙaddamarwa da muhawarar rukuni a jarida. A zamanin waya talla ta ƙara sauri, ra'ayi ya yawaita, amma sharhi mai zaman kansa na littafi guda da harshen Hausa har yanzu shi ne mafi ƙaranci.

Wannan ya ɗora wa manazarta ayyuka biyu. Na farko shi ne taskacewa. Jerin littattafai na shafin baya da wasiƙun masu karatu da katunan gayyatar ƙaddamarwa da takardun jawaban masu sharhi su ne shaidun tarihin karatu a ƙasar Hausa, kuma an buga su a takarda mai saurin lalacewa. Ɗakunan karatu da ke mayar da littattafan zuwa kwamfuta ya kamata su ɗauki hoton bango da shafukan talla, kada su tsaya ga labarin kawai. Na biyu shi ne mujallun ilimi masu fitowa da Hausa a intanet, waɗanda kowa ke iya karantawa kyauta, su keɓe fili na dindindin ga gajeren sharhin sababbin littattafai, littafi ɗaya a kowane sharhi, daga alƙalamin wanda marubuci bai gayyato ba kuma ba shi da kaso a cikin cinikin.